Baffa Hambog a Watan Shiru

Ranar da na dawo Bukom, unguwarmu ta masunta a bakin teku, bayan shekarun da na yi ina bin jiragen kamun kifi daga wannan gaɓa zuwa waccan, sai da na tambayi hanyar gidanmu. Silimar da muke tsallaka katangarta muna yara ta zama coci. Cocin da aka yi mini baftisma ya zama wurin ajiye kajin ƙanƙara. Teku ta cinye layin murhun bandar kifi, matan sun ja baya sun kafa sababbi a ƙofar makaranta. Ayele, wadda ta rantse za ta jira ni ko da teku za ta ƙafe, na same ta da goyo, ga wani a hannu, ta kuma gaishe ni da sunan wani. Ɗakina na gidan maza, don a wurinmu maza da mata kowa da gidansu, an cika shi da taru har rufi. Babana kuwa, Ataa Odartey, an binne shi bara ina tsakiyar ruwa, labarin bai same ni ba sai da aka wanke tukwanen makoki.

Abu biyu kawai na tarar yadda na bar su. Na farko garmahon babana, dogon akwatin katako mai ƙafa huɗu, rediyo a hagu, wurin ɗora faifai a dama, yana nan a falon gidan maza an lulluɓe shi da farin leshi. Na biyu bakin Baffa Hambog.

Ƙanin babana ne, sunansa Odarkwei, amma ko shi sai ya yi tunani kafin ya amsa wannan sunan. Ya taɓa zuwa birnin Hambog na Jamus kafin a haife ni. Kwanakin da ya yi a can ba su kai na kaza a kan ƙwai ba aka sako shi a jirgi aka dawo da shi, amma har yau bai gama ba da labarin ba. In ka ce ruwa ya yi sanyi, sai ya ce ba ka sha na Hambog ba.

Da na je gidan mata gaishe da mahaifiyata, Awo Adukwei, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame, ta ajiye mini dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi da barkono. Sai da ta ga na kai loma sannan ta buɗe akwatinta ta ciro faifan.

Kowa a danginmu ya san faifan nan. Babana yana saurayi ya yi waƙa da wata ƙungiyar masunta, aka buga musu faifai sau ɗaya tak, ƙungiyar ta watse wajen rabon ribar da ba a samu ba. Sauran duk rana ta lanƙwasa su, wannan kaɗai ya rage a duniya. Waƙar wani masunci ce da ya fita teku ranar Talata, ranar da ko mahaukaci ba ya tura kwalekwale.

"Ƙarshen wata za a yi masa addu'ar shekara," ta ce. "Ba ka zo ka binne shi ba. To ka sa ya yi mini waƙa. Shi nake nema a wurinka, ba wannan turaren da ka kawo mai warin maganin sauro ba."

Na ce an gama, gobe zan kai garmahon wurin mai gyara.

Maganar ta riga ni isa gidan maza. Na tarar da Baffa zaune a kan garmahon, ya harɗe ƙafa.

"Mai gyara, ko? Ina raye? Kayan yayana za ka ɗauka ka kai wa yaran da suka koyi aiki a gindin bishiya?"

"Baffa, robar da ke juya faifan ce kawai ta tsinke."

"Ji shi! Roba! Ɗana, kai kifi ka sani. Wannan akwatin ba gyara yake nema ba, ɗaukaka yake nema. A Hambog ba da kunne ake jin kiɗa ba, da ƙirji ake ji. Ranar addu'ar nan yayana zai yi waƙa har mutane su matsa masa kujera."

Bai rufe baki ba inuwa ta tare ƙofa. Ashie ne, wanda muka yi makaranta tare, yanzu ɗan dambe ne mai wuya kamar turmi, kuma shi ke jagorantar samarin da wulomo, limamin gargajiyarmu, ke aikawa zagaye unguwa.

"Sannu da gida, Baffa. Lankwei, an dawo? Na ji ana maganar kiɗa ne na ce bari in leƙo. Wulomo ya shuka geron shekara, kun sani. Daga nan har a ɗage doka, ba ganga, ba tafi, ba lasifika. Jiya ma mun kwashe na wani coci, fasto yana bin mu da kuka."

"Yaro, ni za ka koya wa watan shiru? Ina kiyaye shi tun uwarka tana tallan gyaɗa."

"To madalla. Wannan akwatin fa?"

"Wannan na manya ne. Akwai wani mamurɗi a jikinsa, in na kai shi ƙasa, sauro ma ya fi shi ƙara. Ɗaki a rufe, 'yan uwa kawai. Geron wulomo ba zai ji komai ba."

Ashie ya shafa dunƙulen hannunsa kamar mai lallashin jariri. "Ni dai in na ji daga titi, na shigo."

Yana fita Baffa ya cire wayoyin sifika gaba ɗaya. Ya ce ƙwararre ba ya buƙatar jin ƙara kafin ya san aikinsa, kuma ba zai ba ɗan tallan gyaɗa dalili ba. Duk aikin da ya biyo baya, haka aka yi shi ba a taɓa jin abin ya yi ko tari ba.

Ya fara da sifikun. Ya ce akwatin ya matse su, ba sa numfashi. Ya je bakin gaɓa ya sayo tsohon durom ɗin da aka yi shekaru ana banda a cikinsa, ya huda shi, ya ɗaura su a ciki da igiyar taru. Kafin la'asar kuliyoyin Bukom sun ji labari. Suka jeru a kan taga kamar masu jiran albashi, wata baƙa ta shige cikin durom ɗin ta ƙi fita.

"Bar ta," in ji Baffa. "Gashinta yana tausasa sauti. A Hambog sayen irin wannan ake yi."

Sai bango. Ya ce bangon falon yana mayar da murya kamar mace mai tsiwa. Ya bi masu sayar da ƙwai ya kwaso tsofaffin kiret, ya manne su daga ƙasa har sama, har kan hoton kakanmu. Kyankyasai suka tare a ciki da iyalansu. Awo ta aiko da abinci, yarinyar da ta kawo ta koma ta ce mata an mayar da falon akurki. Awo ta zo da kanta, ta tsaya a ƙofa tana toshe hanci.

"Bajamushe, yaushe za ka fara yin ƙwai?"

"Matar yaya, kin zo daidai. Kawo faifan in wanke shi."

"Da me?"

Ya nuna kwalbar barasar da ke gefensa. Tun safe yake wanke tsofaffin faya-fayan coci da ita, tsumma ya sha kaɗan, injiniya ya sha sauran.

"Mijina bai sha wannan abin yana raye ba, ba zai fara yanzu ba," ta ce. "Faifai yana akwatina, mabuɗi yana ɗaure a ƙuguna. Ranar addu'a zan kawo shi da hannuna."

"Ba ki yarda da ni ba ke nan."

"Na yarda da kai ƙwarai. Shi ya sa."

Robar da ta tsinke, wadda ita ce asalin ciwon, sai a sati na biyu ya tuna da ita. Ya yanko wata daga cikin tayar keke ya ɗaura. Da yake ba sifika, sai mu durƙusa mu kara kunne kusa da allura, mu ji ɗan siririn sautin da take yi da kanta. Ya ɗora faifan mawaƙan coci. Suka fara kamar agwagi a bakin rafi. Ya sassauta robar, suka koma shanu masu ciwon ciki.

"Baffa, ba haka waƙar take ba."

"Ka taɓa jin ta a Hambog?"

"A'a."

"To rufe mini baki."

Allurar ta riƙa tsalle, ya ɗora mata kwabo. Ta ƙara tsalle, ya ɗaura mata kwaɗon ƙofar bayi. Ta daina tsalle kam, sai dai wani baƙin zare ya fara fitowa daga faifan yana nannaɗewa kamar ana fere rogo.

"Datti ne yake fita," ya ce.

Na cire kwaɗon da ya fita fitsari. Ya dawo ya mayar. Haka muka riƙa yi ni da shi har ƙarshen wata.

Daga nan ya shiga cikin akwatin da kansa, rabin jikinsa a ciki, yana warware wayoyi yana sake like su da dalma. Ya ciro mamurɗin ƙara murya ya goge ya mayar. Ya ce soket yana shan rabin daɗin kiɗa a hanya, saboda haka ya yanke kan wayar, ya hau tsani ya murɗa ta kai tsaye a jikin wayar da ta fito daga mita, can kusa da rufi. Akwatin ya fara cizon wanda ya taɓa shi in ya ga dama. Baffa ya ce wuta ce ta yi yawa, tana neman hanyar ƙasa. Ya ja waya ta taga ya ɗaura a famfon tsakar unguwa.

Washegari da safe Anti Shormeh, mai bandar da ta fi kowa baki a layinmu, ta zo ɗiban ruwa. Ta kama famfo. Matar da gwiwa ta hana ta zuwa coci shekara da shekaru, ranar ta yi rawar da 'yan mata suka tsaya kallo. Bokiti ya yi gabas, ɗankwali ya yi yamma. Da ta dawo hayyacinta ta bi wayar nan taku taku har tagarmu.

"Odarkwei! Fito, korarre! Ni za ka soya?"

"Anti, ki gode mini. A Hambog kuɗi ake biya a yi wa mutum wannan. Dubi yadda kike tsaye, ina ciwon gwiwar?"

"Zan nuna maka inda ya koma!"

Ta sa wuƙar fawar kifi ta datse wayar, ta tafi da ita ta ce ta samu igiyar shanya. Baffa ya ce ba komai, wutar ta riga ta san hanya.

Ana jibi addu'a ya dawo da wata tsohuwar lasifika mai bakin kakaki, irin ta tashar mota. Ya hau ya kafa ta a kan rufi, bakinta yana kallon teku.

"Baffa, Ashie fa?"

"Ado ne kawai. Sai an ɗage doka, ranar bikin Homowo, za ta yi magana."

"To wannan wayar da ta sauko daga jikinta?"

"Don kada ta ji kaɗaici."

Ranar addu'a aka dawo daga coci da hantsi, kowa cikin fararen kaya. Tsofaffin gidan maza, matan gidan mata, fasto da littafinsa, duk aka dunƙule a falon nan mai warin banda da ruɓaɓɓen ƙwai. Aka rufe ƙofa da taga. Unguwa tsit, irin shirun watan nan da har faɗuwar igiyar ruwa kake ji daga ɗaka. Baffa ya sa kwat ɗin da ya dawo da shi daga Jamus, wanda maɓallinsa ya daina gaisawa da ramin tun tuni. Ya mayar da wayoyin sifika a karon farko, ya yi jawabi.

"'Yan uwa, abin da za ku ji yau, ko a Turai sai gidan manya. Zan kai shi ƙasa can, saboda mutunta wulomo. Wanda bai ji ba ya matso, kada ya ce a ƙara."

Awo ta kwance zanen da ta naɗe faifan. Ta ƙi ba shi, ta ɗora da kanta. Ta ga kwaɗon a kan allura, ta dube shi, ta cire ta jefa masa a aljihu. Baffa ya murɗa mamurɗin nan har ƙarshen hagu, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya sauke allura.

Ashe da ya ciro mamurɗin ya mayar, a juye ya like wayoyinsa. Ƙasa ta zama sama.

Abin da ya fara fitowa daga durom ɗin baƙar kyanwa ce, ta bi ta kan fasto ta fasa taga. Bayanta tsohuwar toka da ƙamshin kifin shekara goma suka bugi fuskokinmu. Kiret ɗin ƙwai suka fara zubowa daga bango, kyankyasai suna sauka a kan fararen kaya. Sannan, daga cikin ɗakin da kuma daga kan rufi, murya ta tashi.

Babana ne. Ban san yadda aka yi ba, robar keken nan ranar ta juya daidai. Muryarsa ce sak, ta saurayi, mai ɗan kaushin nan da yake kiran sunana da shi daga bakin gaɓa. Ta fita ta lasifika ta bi kan rufin Bukom har teku. An ce mata a wurin banda sun saki abin da ke hannunsu. Na dubi Awo. Idonta a rufe, kyankyaso yana tafiya a kafaɗarta ba ta sani ba, leɓenta yana bin waƙar.

Baiti ɗaya muka samu. Baffa ya daka tsalle ya kama mamurɗin yana ƙara murɗa shi hagu da ƙarfinsa, har ya ɓalle a hannunsa. Gwiwarsa ta bugi akwatin, allura ta yi tsalle ta ja layi, ta faɗa wuri ɗaya ta maƙale, daidai inda matar masuncin take tambayar mijinta. Babana ya shiga maimaitawa, da ƙarar da ake ji har kasuwa:

"Wa ya aike ka? Wa ya aike ka? Wa ya aike ka?"

"Cire soket!" in ji fasto.

"Babu soket!" na ce.

"A kashe daga mita!"

"Tsanin yana wurin mai shi!"

Baffa ya kai hannu zai ɗaga allura. Wutar da Anti Shormeh ta datse wa hanya tana nan tana jira. Ta kama shi. Ya yi irin rawar da ta yi, har ya fi ta, kwat ya yage daga baya, yayansa yana tambayarsa daga sama wa ya aike shi.

Ƙofa ta buɗe ba da mabuɗi ba. Ashie ya shigo da samari shida. Ya dubi durom ɗin, ya ja baya, ya ba shi naushi ɗaya na hagu. Durom ya lotsa ya yi shiru. Lasifikar kan rufi ta ci gaba.

Awo ce ta tashi. Ta fita tsakar gida ba gaggawa, ta karɓi muciya a hannun masu tuƙa abincin taro, ta dawo ta sa bakin muciyar ta ɗaga allurar a hankali. Shiru ya dawo. Ta ɗauki faifanta ta hura, ta naɗe a zane, ta soke a ƙirji.

"Wannan ma yana cikin abin da ya yi ƙara, Awo," in ji Ashie.

"Zo ka ciro shi."

Ashie ya dubi inda faifan yake, ya dubi muciyar. Ya ce wa yaransa su ɗauki sauran.

Haka aka yi jerin gwano zuwa gidan wulomo da rana tsaka. Samari huɗu ɗauke da garmaho kamar gawa, biyu suna gangara durom, kuliyoyi suna bin su. A gaba Baffa, lasifika a ka, kwat a yage. Ba mai ikon tafi ko ihu saboda doka, don haka duk unguwa ta fito tana dariyar da ba sauti, mutane suna riƙe ciki suna jingina da bango. Anti Shormeh ta bi shi tun daga famfo tana yi masa raɗa a kunne: "Ina ciwon gwiwar, Bajamushe?"

Wulomo yana zaune cikin fararen kayansa, ƙafa ba takalmi. Ya bar Baffa ya yi bayani. Baffa ya yi bayanin wuta, da numfashin sifika, da yadda ake yi a Hambog, ya ce a gaskiya in aka duba, laifin na wanda ya ƙera mamurɗin ne. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya sunkuyo ya ce, a hankali:

"Odarkwei. Wa ya aike ka?"

Wani dattijo ya faɗo daga kan benci.

Aka ci shi tarar rago da barasar zuba wa ƙasa, garmaho kuma zai zauna a can har a ɗage doka. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa Hambog. Yara in sun hango shi sai su yi tambayar nan da leɓe kawai, su ruga.

Ni kuwa ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na ji akwai jirgi a tashar jiragen ruwa ta Tema da ke neman ma'aikata, na je na ba da sunana. Ina cikin ɗakin tarun nan ina cusa kaya a jaka Awo ta shigo, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye kwalbar barkono soyayye. Sannan ta ciro faifan. Layin da allura ta ja yana nan, fari, daga tsakiya zuwa gefe.

"Baitin farko lafiyarsa lau," ta ce. "Na ji shi, ya ishe ni. Sa shi a tsakiyar riguna."

"Awo, naki ne fa. Shi kaɗai ya rage miki."

"Shi ya sa."

Kafin in amsa muka ji takun takalmi. Baffa ya leƙo, fuskarsa tana sheƙi, dutsen guga a hannu ɗaya, kyandir a ɗaya.

"Matar yaya, ashe kina nan! Na kwana ina tunani. Wannan ɗan layin ba komai ba ne. A ɗiga masa kyandir, a shimfiɗa tsumma, a bi da dutsen guga sau ɗaya. A Hambog..."

Awo ta tura faifan cikin jakar, ta ja zif, ta zauna a kai.

"Lankwei," ta ce, "motar Tema ƙarfe nawa take tashi? Fitar mini da ubanka daga garin nan kafin ƙaninsa ya gyara shi."